Sai Ta Ji Fito

Asabar da yamma

Zuwa ga aminiyata Kanari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin sauƙi. Ya ƙarfin jiki? Ya wurin aikin, yana warkewa? Allah ya ƙara afuwa, ya sa kaffara ce. Ki gaishe mini da maigidanki Injiniya. Shi ya yarda zai shigar miki da wannan a kan farantin shayi, tunda wayarki ta zama ado, ƙofarki kuma ba ta buɗe wa kowa sai shi tun da aka yi miki aikin maƙogwaro aka sallamo ki.

Kada ki yi dariyar rubutuna. Rabona da wasiƙa tun muna 'yan mata, hannun nan ya fi sabawa da almakashi da allin zana yadi.

Yanzu na dawo daga shagon Mai Tabarau. Ɗakin baya yana nan yadda kika bar shi, da ƙamshin ruwan da yake goge gilasai da shi. Ranar yamma tana shigowa ta ƙaramar tagar nan, ta bi ta cikin gilasan da ya jera a kan katako, sai ƙananan haske su watsu a bango da rufi suna motsi a hankali. Yau na daɗe ina kallonsu, har shayina ya huce ban sani ba. Kujerarki tana wurinta. Malamar Lissafi ta yi kuskuren ɗora jakarta a kai, Likitan Haƙori ya yi ta hararar jakar har ta sauke ta ba tare da an ce mata komai ba.

Shekara nawa muna haɗuwa duk Asabar, mu biyar, kina karanta mana littattafan ban tsoro da na almara da muryar nan da kika yi wa gidan rediyo bauta da ita? Sai yanzu na gane ashe mu huɗun ba mu iya komai ba sai saurare da gardama. Tun tafiyarki asibiti ba wanda ya buɗe littafin nan mai koren bango. Babi ɗaya ya rage, kuma mun yi alkawari ba mai leƙawa. Ni dai kin san ba alkawari ne ya hana ni ba. Ba banza kika sa mini Farar Kura ba, ni da nake toshe kunne da mayafi idan labari ya zo wurin duhu, sannan in riƙa tambayarki me ya faru.

Amma kin bar mu a wuri mara daɗi, Kanari. Matar nan tana cikin gidan da ta gada a tsakiyar kogi, gidan da kullum gari ya waye sai ya haifi sabon ɗaki, kuma kowane ɗaki irin wani ne da ta taɓa kwana a ciki a rayuwarta. Abin da ke cikin gidan, wanda ba a taɓa ganinsa ba sai dai a ji yana fito da baki kafin ɗaki ya haɗiye mutum, ya riga ya cinye mata mai aiki da kyanwa. Mai kwalekwalen da ba ya nuna fuskarsa yana ta kewaya gidan cikin hazo, kuma duk wanda ya ɗauka ba ya dawowa. Ƙanwarta tana tsaye a waccan gaɓar tana ɗaga mayafi. Nan kika rufe littafin, kika ce sai kin dawo.

Ni matar ba ta bar ni ba. Jiya ina auna labule a gidan wasu mutane, na buɗe wata ƙofa ina tsammanin bayi ne, sai na tarar da ƙaramin ɗaki mai gado ɗaya da taga sama, sak ɗakinmu na makarantar kwana. Na tsaya da abin awo a hannu, ina jin kamar idan na juya zan gan ki a gadon sama kina karanta mana labari a ƙarƙashin bargo. Sai da matar gidan ta taɓa ni na dawo.

Na bi ta layinku da zan koma gida. Labulen ɗakinki a sake yake. Ni na ɗinka shi, na san kaurinsa, na san na yi masa shafi biyu don kin ce kina son barcin rana. Da na san haka za ki yi da shi, da yadin gidan sauro na sa miki.

Ba na matsa miki. Ki dai faɗa mana, ko da a rubuce, mu jira ki ko kuwa.

Mai Tabarau da Malama da Likita duk suna gaishe ki.

Taki har kullum,
Farar Kura

*

Lahadi da hantsi

Aminiyata Kanari,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina kwana, ya jikin? Ina fata kina samun barci, kina kuma ɗan taɓa abinci. Injiniya ya ce kin karanta waccan takardar har sau biyu, kin ninke ta kin sa ƙarƙashin matashi. Amsa dai ba mu gani ba. Mun jira Asabar ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta, sai Malamar Lissafi ta ce shiru ma amsa ce, kuma ita ba za ta mutu da babi ɗaya a wuyanta ba.

To, mun karya alkawari jiya. Ki yafe mu. Abin da zai ba ki dariya kuwa, ni aka ba karatun. Mai Tabarau ya ce idonsa ya gaji, mutumin da sana'arsa ke nan. Likita ya ce shi ya saba magana ne da mutanen da ba sa iya amsa masa. Malama ta fara, sai ya zama kamar tana kiran sunayen 'yan aji, muka roƙe ta ta tsaya. Da babu gara ba daɗi, aka miƙo mini.

An yi ruwa jiya, irin mai sauka a hankali ba ya ɗaukewa. Ɗakin baya ya yi duhu-duhu, gilasan ba su da abin watsawa. Na karanta ina tuntuɓe, ba ni da hannun toshe kunne don duka biyun suna riƙe da littafi. Matar ta yi ta ratsa ɗakuna, na aurenta, na haihuwarta, na gidan kakarta, kowanne ya fi na baya ƙanƙanta, har ta isa na ƙarshe wanda ba shi da taga, sai ƙofa ɗaya da ba ta san inda take fita ba. Daga nan layi biyu ne kacal suka rage a shafin. Ga su, na kwafo miki yadda suke:

"Ta ɗora hannu a kan ƙofa. Sai ta ji fito."

Shi ke nan, Kanari. Sauran shafin fari fat.

Ni da na zo wurin ban tsaya tunani ba. Na ɗaga ƙarshen kalmar, na faɗe ta yadda ake faɗa wa wanda ke cikin ɗaki ya fito waje. Har da ƙarfi na faɗa, wai ni. Ban rufe baki ba Malama ta buga teburi ta ce na ɓata littafin. Ta karɓe shi ta nuna mana da farce cewa babu alamar magana a jikin kalmar, babu alamar motsin rai, saboda haka ba wanda ya kira matar. A wurinta fito ne na baki, wanda ake jan farkonsa, wato abin nan ya iso bayanta, ɗakin zai haɗiye ta, marubucin ya ji tausayinmu ne ya kashe fitila. Ta ce labarin tsoro da ya ƙare da ceto ai yaudara ce.

Mai Tabarau ya bari ta gama, ya cire tabaransa ya goge, ya ce duk mun kauce. Ya ce fito ne na ruwa, wanda ake sauke ƙarshensa, na haye kogi da mutane. Ya tuna mana tun a babin farko marubucin ya ce matar takan ji ana fito cikin hazo, ƙarar sanda tana shiga ruwa tana fita. Wato mai kwalekwale ne ya zo bakin ƙofa, kuma shi bai ga abin tsoro a nan ba, don matar ta gaji, an zo a haye da ita. Ya faɗi haka a hankali yana kallon ruwan da ke bin gilashin taga, sai na tuna bara ya binne matarsa.

Likita kuwa ya ce shi duk wanda aka zaɓa ya yarda, in dai ba na bakin ba ne, don tun da kika fara kwaikwayon fiton nan yake barin rediyo a kunne idan shi kaɗai ne a wurin aiki. Ya ce ranar nan butar shayinsa ta yi fito, ya bar mara lafiya da baki buɗe ya tsaya a ƙofa. Mun yi dariya har Malama ta share hawaye. Gaskiya ni ma abin da na fi tsana a littafin ke nan. Duk abin da ke fito ba a ganin bakinsa, Allah ya raba mu da shi.

Mun tashi ba mu daidaita ba. Kalma ɗaya, harafi huɗu, ta raba mu gida uku. Ke kin san wannan matsalar fiye da kowa, ke da kike cewa takarda ba ta da murya, mai karatu ne ke ara mata. Na tabbata da ke ce kika zo wurin, da ba ki yi tuntuɓe ba.

Don haka ga shari'a mun kawo gabanki. Wanne ne? Ki rubuto mana ko da layi ɗaya. Na ba Injiniya littafin ya haɗa miki da takardar nan.

Ki huta lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Taki,
Farar Kura, sabuwar mai karatu

*

Laraba, bayan azahar

Kanari, 'yar'uwata,

Assalamu alaikum. Ya jikinki? Ya kwanan zuciya? Wannan karon gaisuwata gajera ce, don abin da ke bakina ya fi ta nauyi.

Injiniya ya zo shagona yau da safe, da littafin a hannu. Ya ce a bakin ƙofa ya tsince shi, a waje, kin turo shi ta ƙasa. Na ba shi kujera tsakanin bandiran yadi, ya zauna yana juya hularsa. Mutumin nan da ba ya faɗin abin gidansa ko da wuƙa a wuya, yau ya faɗa mini komai.

Ya ce likitoci sun bar miki ɗan bututu a wuya wanda kike numfashi ta ciki, kuma idan kin ja iska yana fito. Ya ce ranar da kika fara jin ƙarar da kunnenki, kika gane daga jikinki take fita, ranar kika saki labule. Ya ce ba kya yarda ko shi ya daɗe a ɗakin, sai kin kunna fanka don ta rufe ƙarar.

Ni kuma na zauna na cika miki takarda da butar Likita, har da addu'ar Allah ya raba mu da abin da ke fito. Wallahi ban sani ba, Kanari. Amma rashin sani bai hana hannuna ne ya rubuta ba. Da ya faɗa mini, sai da na shiga bayan labulen gwaji na yi kuka, shi yana zaune yana jira in gama.

Ki yi fushi da ni yadda kike so, na cancanta. Amma akwai maganar da ta fi fushin girma, kuma a kanta ni ce mai fushi. Ya ce aikin da aka yi rabin magani ne. Saura gashin da ake yi da na'ura don kada ciwon ya dawo, kuma likita ya ce ba abin jinkiri ba ne. An ba ki rana kin ƙi zuwa. An sake ba ki Litinin mai zuwa, kin rubuta masa a takarda cewa a bar ki haka. Ya ce in wannan ta wuce, likitan bai yi masa alkawarin komai ba.

A bar ki haka? Wa zai bar ki? Ke kika ja ni asibiti da ƙarfi lokacin da nake ɓoye ciwon cikina ina shan jiƙe-jiƙe, kika tsaya a kaina kina zagina har aka shiga da ni. Yanzu ke ce za ki kwanta bayan labulen da na ɗinka ki ce a bar ki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, na yarda. Ban san yadda ake ji ba, mutum ya yi rayuwarsa duka da murya, a tashe shi daga barcin asibiti ya nema ya rasa. Amma na san ni ba murya na yi ƙawance da ita ba. Tun kafin wani ya ji ki a rediyo na san ki, kina da kitso biyu da takalmi mai maɓalli ɗaya.

Bayan tafiyarsa na kasa aiki. Na kwanta a kan tarin yadi a bayan shago, barci ya ɗauke ni da rana tsaka. Na yi mafarki ina cikin gidan nan na tsakiyar kogi, sai dai duk bangonsa labule ne, ina ɗagawa ina wucewa, wani bayan wani, masu laushi, suna shafa mini fuska. Ba na jin tsoro, abin da ya ba ni mamaki ke nan. Kowane ɗaki akwai abinki a ciki: kofin shayinki, ƙaramin fensirin da kike sa wa a bayan kunne, mayafinki mai ruwan toka. Ke ce dai babu. Ƙasa duk ruwa ne zuwa idon sawu, mai ɗumi. Can na ji sandar mai kwalekwale tana shiga ruwa tana fita, kusa ƙwarai, na gane ni da shi wuri ɗaya muke nema, sai na fara sauri. Na farka mai kawo zare yana ta sallama a ƙofar shago.

Ina tsoro, Kanari, kuma wannan ba irin na Asabar ba ne da ake sha da shayi. Ina tsoron kada ki ɗauki fassarar Mai Tabarau.

Littafin yana wurina. Na ajiye miki shi.

Taki, ko kina fushi ko ba kya yi,
Farar Kura

*

Asabar da la'asar

Aminiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa kin tashi da sauƙi yau. Ki gaida Injiniya, ki kuma daina harararsa, ni na matsa masa ya bar ni na shigo.

Na san kin san na zo jiya. Kin ji takuna, ke da kike cewa ina tafiya kamar ana bina. Na tsaya a bakin ƙofarki da niyyar in yi magana, na shirya ta tun daga shago, sai aka ɗauke wuta, fankarki ta tsaya. Gidan ya yi tsit. A nan na ji shi.

Siriri ne, Kanari. Yana shiga, ya ɗan tsaya, ya fita. Na jingina goshina da ƙofar ina saurare. Ni da fito ke kora, ni da ban taɓa jin ƙarshen babi da kunne biyu ba, na tsaya ban motsa ba, ina roƙon Allah kada a kawo wutar da wuri. Ban ji dodo ba. Na ji aminiyata tana numfashi a bayan katako, kuma rabona da jin wani abu daga gare ki tun kafin a shiga da ke ɗakin aiki. Da aka kawo wuta fanka ta tashi, sai na ji haushinta. Maganar da na shirya kuwa ta gudu, na juya na tafi.

Yau mun haɗu a shagon Mai Tabarau, ba mu buɗe sabon littafi ba. Rana ta fito, hasken gilasai ya dawo rufi. Na faɗa musu halin da ake ciki, don ba zan iya ɗauka ni kaɗai ba. Likita ya rufe fuska da hannu, ya ce zai jefar da butar. Malama ta ce har yanzu a ƙa'idar rubutu ita ke da gaskiya, amma ba ta ga amfanin gaskiyar ba yau. Kin san a wurinta wannan kamar ta durƙusa ne.

Mai Tabarau ne ya faɗi abin da na tafi da shi gida. Ya ce marubucin wayo ya yi, ya ɓuya a bayan takarda, don a takarda kalmar tana iya zama duka ukun ta kwana lafiya. Mai karantawa a zuci ma zai iya rufe littafi ya bar ta haka. Amma wanda aka miƙa wa littafi a gaban mutane ba shi da wannan gatan, dole bakinsa ya zaɓi ɗaya. Ya ce ni bakina ya zaɓa kafin kaina ya sani, kuma yanzu ya fahimci da wa nake magana a ranar. Ya ce fassararsa tasa ce, ta mutumin da nasa ya riga ya haye, kada in bari kowa ya are ta.

Gaskiya ya faɗa. Ranar nan ba matar littafi nake gani ba. Tagarki nake gani.

Ga abin da zan yi. Jibi Litinin da safe zan zo da ƙaramar motata mai tari. Na ɗinka miki ɗan mayafin wuya mai laushi, ruwan toka, wanda iska ke ratsawa, in kina so ki sa, in ba kya so ki bar shi. Ba zan buga ƙofa ba, ba zan yi miki wa'azi ba. Zan tsaya in karanta layi biyun nan sau ɗaya, da kuskurena, yadda Malama ta ce ba daidai ba ne. Daga nan ya rage naki. In ba ki buɗe ba zan zauna a ƙasa in jira, kuma kin san gwiwoyina, tashina sai an kira mutane.

Ki kwana lafiya, ki tashi lafiya.

Taki,
Farar Kura

*

Lahadi da yamma

Zuwa ga Farar Kura, matsoraciyar ƙawata,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, jiki da sauƙi. Ya shago, ya gwiwoyi? Takardunki duka suna ƙarƙashin matashina, har da wadda ta sa na yi waje da littafi. Na huce. Na ma yi dariyar butar Likita daga baya, kuma ki sani dariya da bututun nan abin ji ce. Ki ce masa kada ya jefar da ita.

Kin kawo mini shari'a, to ga gaskiya. Na riga ku karanta babin nan tun kafin in tafi asibiti, kin san ba na karanta muku abin da ban gwada a bakina ba. Na tsaya gaban madubi na gwada shi duka hanya uku, na kasa zaɓa, shi ya sa na rufe littafin na ce sai na dawo. Ashe ke da ba ki iya karatu ba za ki riga ni.

Tun da na saki labulenki nake zaune a ɗakin nan na ƙarshe. Fiton baki kullum ina jinsa, a wuyana yake kwana. Na ruwa ma na ji shi, ba sau ɗaya ba, kuma ba zan ɓoye miki ba, akwai ranakun da ƙarar sandar ta yi mini daɗi. Na ukun ne ban ji ba, don kowa lallaɓa ni yake yi, ba wanda ya yi mini tsawa sai ke.

Shekaranjiya da wuta ta ɗauke na san kina nan. Na riƙe numfashi iya ƙarfina don kada ki ji ki gudu, har na kasa na saki. Na jira in ji takunki na gudu. Ban ji ba.

Ina tsoron na'urar nan, Kura. Ina tsoron idon mutane a hanya. Sai ki ara mini irin naki tsoron, wanda yake tsayawa a bakin ƙofa.

Ki zo goben. Ki kawo mayafin. Ki karanta da ƙarfi, ki ɗaga ƙarshen kalmar sosai, kada ki haɗiye ta yadda kika saba. Ba zan iya ce miki ga ni nan ba. Amma zan kashe fanka, kuma in kin ji fito daga ciki kada ki toshe kunne, ni ce nake amsawa ina neman takalmina.

Shi kuma mai kwalekwale, ya jira.

Taki har kullum,
Kanari